Gyara

Likita ya ce kwana arba'in, ko ƙasa da haka.
Takarda yake kallo da ya faɗa, ba mu ba.
Babana, Eleuterio, ya ɗauki hularsa
kamar wanda aka gaya wa kuɗin kifi a bakin teku
ya ga babu wurin ciniki.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan keken tudu a Valparaíso,
akwatin katako mai hawa da igiyar ƙarfe,
sakan tamanin zuwa sama, sakan tamanin zuwa ƙasa.
Bai taɓa ɗaura agogo ba.
Kukan igiya ke faɗa masa lokaci.

Ni kuwa, Ximena, aikina sauraron ƙasa.
Muna da na'urorin da ke jin motsin dutse a ƙarƙashin teku,
kuma a ofishinmu kwana ya yi mana girma, minti ma haka.
Sakan guda muke yankawa gida dubu,
kowane yanki mu kira shi milisakan.
Kafin ka ƙifta ido, ɗari sun wuce, ko fiye.
Da irinsu ake busa ƙaho
kafin ruwa ya hau gari.

A daren, shayinsa ya huce bai taɓa shi ba.
Ya ce, arba'in, ai ko 'yan wasan ƙwallo na unguwarmu sun fi haka yawa.
Sai na juya takardar kuɗin wuta, na ɗauki fensir.

Na ce, Baba, kwana ɗaya awa ashirin da huɗu ne.
Ya ce, wannan ko jaki ya sani.
Na ce, kowace awa minti sittin,
ka ga minti dubu da ɗari huɗu da arba'in.
Kowane minti sakan sittin,
ka ga dubu tamanin da shida da ɗari huɗu.
Yanzu ƙara sifili uku a wutsiya.
Ya jawo tabarau.
Miliyan tamanin da shida, da dubu ɗari huɗu.
Kwana ɗaya ke nan, tak, daga wannan shayi zuwa na gobe.

Ya ce, arba'in ɗin fa?
Fensirin ya karye, na fere shi da wuƙar albasa.
Biliyan uku, da miliyan ɗari huɗu da hamsin da shida.

Ya yi dariya har tari ya kama shi.
Ya ce, ashe attajiri ne ni ban sani ba!
Gobe sai mu fara ɓarna.

Muka kuwa yi.
Miliyan uku da dubu ɗari shida muka kashe kan kallon jiragen ruwa.
Dubu tamanin a cikin tsohon kekensa,
yaron da ya gaje shi ya ƙi karɓar kuɗinmu.
Wata Laraba ya zubar da miliyan bakwai yana barci a rana,
da ya farka ya ce bai yi asara ba.

Na sani lissafi bai ƙara masa ko numfashi ɗaya ba.
Buhun gero, ka ƙirga shi buhu ko ka ƙirga shi ƙwaya,
nauyinsa bai canzawa.
Amma mai ƙirga ƙwaya sai ya kwance bakin buhu,
sai ya sa hannu ya taɓa.

Kwana arba'in suka cika yana nan.
Ya ƙara uku.
Ya ce mai awon ne ya yi masa gyara.

Na lissafa su daga baya, ni kaɗai, a bayan wannan takarda:
miliyan ɗari biyu da hamsin da tara, da dubu ɗari biyu.
A cikin ɗaya daga cikinsu ne hannunsa ya saki nawa.
Duk da na'urorinmu,
ban san wanne ba ne.